Hausar Tekle

A makaranta sunana Yagub. A gida Ya'u. Ba wanda ya ce in raba su, ni na raba.

Muna aji biyu na sakandare a Gadarif ta ƙasar Sudan, shekarun da aka sa mu kakin soja mai dabbare-dabbare, kowace safiya mu jeru mu yi kabbara. Ba a yin rutana a makaranta. Haka ake kiran duk harshen da ba Larabci ba. Ban taɓa ganin an rubuta dokar ba. Dariya ce ke tsaron ta.

Abin da na mallaka a makarantar nan shi ne wuri a kwanon Abdelrahman. Da hantsi in an tashi cin fatur, wato karin kumallo, kowane gungu da kwanonsa. Namu a gindin dogonyaro yake: bosh, wato gutsuttsarin burodi a ruwan wake, da man riɗi da ɗan cuku. Abdelrahman ɗan dillalin riɗi ne. Shi ke zuba man, shi ke cewa wa zai sa hannu. Na daɗe ina yi wa barkwancinsa dariya kafin ya matsa mini.

Husain ma a kwanon yake. Unguwarmu ɗaya, uwarsa Atika ce ke yi wa ƙannena kitso. Kowa ya san asalinmu, unguwa ba ta ɓuya. Amma ranar da Abdelrahman ya tambaye ni ko na iya maganar Takari, wato Hausa, na ce a'a. Na ce kakanni ne suka yi, mu Larabci muke a gida.

Ya ce, "To kai ɗan gari ne."

Husain ya ji, ya ci gaba da cin abinsa.

Bayan yankan riɗi aka kawo Tekle ajinmu. Bahabashe ne, daga wajen Basunda aka ce. Siriri, wandon kakin ya yi masa yawa. In malamin addini ya shigo, sai ya ɗauki littafinsa ya koma baranda. Larabcinsa kamar amalanke a kan tsakuwa. Duk abin da ya faɗa a aji, Abdelrahman zai maimaita mana a kwano, da murya da komai. Na fi kowa dariya.

Shi kaɗai yake cin abinsa a jikin katanga. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, in ƙanensa ya zo bakin ƙofa, sai su yi ta yarensu da ƙarfi, har da shewa. Ba ya rage murya. Ba ya waiwaye. Nakan tsaya ina kallon sa ina jin haushi, ban san na mene ne ba.

Wata yamma ina rumfar babana a kasuwa. Tela ne, Malam Wada. Yana yi mini faɗa a kan almakashi, da Hausa, da ƙarfi, ni kuma ina kare kaina. Na ɗaga kai sai ga Tekle tsaye da jarka a hannu. Yana murmushi kamar ya tsinci wani abu. Na sunkuya ƙarƙashin keken ɗinki ina neman abin da bai faɗi ba.

Washegari mun sa hannu a kwano ke nan, inuwa ta faɗo mana. Tekle ne. Ya ɗan rusuna, ya dunƙule hannun dama, ya dube ni.

"Salamu alaikum, samari. Barkanmu da hantsi. Ɗan Malam Wada, ina gajiya? Ina iyali? Yaya ƙarfin jiki?"

Da Hausa. Ba irin tamu mai rabin Larabci ba. Irin ta tsofaffin da ke zama ƙofar masallaci, har da jan muryar.

Hannuna yana cikin kwano, ban fitar ba. Ba a gai da masu cin abinci a tafi haka nan. A gidanmu sai a ce bisimilla, a wurin su Abdelrahman a ce itfaddal. Ni aka gaisar, ni ya kamata in ce.

Na ce da Larabci, "Me wannan yake faɗi?"

Abdelrahman ya dube ni. "Ba yarenku ba ne, ya Yagub?"

"Na gaya maka ban iya ba."

Sai Husain ya ƙware. Ya yi tari, ya riƙe ciki, hawaye na zuba. Da ya sami numfashi ya ce, da Hausa, "Lafiya lau, Baba Tsoho. Iyali suna gaisuwa. Jikoki ma."

Tekle ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka."

Husain ya kwanta a ƙasa don dariya.

Na jira Abdelrahman ya ɗaure fuska. Bai ɗaure ba. Ya ce a fassara masa, Husain ya fassara. Abdelrahman ya buga cinya.

"Bahabashe yana Takaranci! Wallahi ƙasar nan ta ƙare. Zauna, ya zol, bawan Allah, zauna. A ina ka sato shi?"

Tekle ya tsuguna kusa da ni, gwiwarsa tana taɓa tawa. Ya ba da labari da Larabcinsa, inda ya maƙale Husain ya ja shi. Uwarsa ce ke yi wa masu yankan riɗi girki a wata gona a Simsim. Tun yana ƙarami yake zuwa da ita kowace kaka. Babu yara a wurin, sai dattawan Hausawa, sai wani Baba Jatau da ke aiken sa ruwa. Su suka sa masa Ɗanlami. Ya ce kafin ya iya Larabci ya iya wannan.

Bai sake duba na ba har aka side kwano.

Daga ranar abin ya juya, ni kuma ban juya da shi ba. Abdelrahman ya ce sai an koya masa. Zagi ya fara koya. Yakan bi bayan malamin lissafi yana cewa "ubanka" a hankali, fuska a sake. Ya sa Tekle ya ba shi na Habashanci ma. Wata rana Abduljalil, wanda ya fi kowa iya karatun Larabci a ajinmu, ya ce ai uwarsa Masalitanci take yi, ya ƙirga mana yatsunsa da shi. Aka tafa masa. A aji har yanzu rutana abin dariya ce. A gindin dogonyaron nan kuwa kowa yana kawo tasa kamar cefane.

Ni ban da abin kawowa. Ina zaune, ina ci. Abdelrahman zai ce "ina kwana" da rana tsaka, gyaran ya zo mini har maƙogwaro, in haɗiye da burodi. In Husain da Tekle suka yi wani zance suka fashe, sai in kalli ƙasa in danne fuskata. Abdelrahman yakan dafa ni ya ce, "Miskin Yagub. Ni ma na fi ka yanzu. Zo in koya maka."

Ya koya mini sannu. Na maimaita, na karkata ta kaɗan don kada ta fito daidai.

Wata Juma'a na ji muryar Tekle ta bayan dangar su Husain. Atika tana ta dariya, tana ƙara masa tuwo. Na ji ta ce, "Kai Ɗanlami, Hausarka ta fi ta 'ya'yan cikinmu." Na daɗe tsaye a lungu, ban shiga ba.

Husain ya same ni daga baya. Ya ce, "Kai Ya'u, ka ce ka tuno mana. Wa zai kama ka?"

"Na riga na faɗa."

"To sai me? Alƙur'ani ka dafa?"

Ni kaina ban san abin da nake tsaro ba kuma. Wurina a kwano yana nan, ba wanda ya taɓa shi.

Gab da jarrabawa wata rana malami ya riƙe sauran, ni da Tekle muka riga kowa zuwa. Shi ya karɓo kwanon. Muka zauna muna jira, ƙuda na kewaya mu. Na duba hagu, na duba dama. Ƙullin barkono yana gefen ƙafarsa.

Na ce ƙasa-ƙasa, da Hausa, "Ɗanlami, miƙo mini barkonon nan."

Ya dube ni. Babu fushi a fuskarsa, babu dariya. Ya ɗauko ƙullin, ya sa mini a tafin hannu da hannu biyu.

"Itfaddal, ya Yagub."

Ya ci gaba da korar ƙuda. Ko ramawa ya yi, ko rufa mini asiri yake, ban gane ba. Na buɗe baki in tambaye shi, ban san da wane harshe ba.

Sai ga Abdelrahman da kwalbar mai, sauran a bayansa, yana ɗaga ta sama tun daga nesa.

"Sannu, sannu, samari! Ina iyali?"

Kowa ya amsa. Ni na gyara zama, na matsa masa wuri.