Bindigar Sambo da Man Shanu

Kura ta ci maraƙin maƙwabci ranar Talata, da safiyar Laraba kuma Sambo ya sa matarsa Jaratu ta sauko masa da bindiga daga rufin ɗaki.

Ba don dabbobinsa ba, me gare shi? Awaki ne 'yan tsiraru. Amma akwai jar karsana ɗaure a bayan gida, wadda amininsa Isaka na Karofane ya ba shi habbanaye: ya riƙa ta har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma wurin mai ita lafiya. Ga ta da ciki ya tsufa. Sambo ya gwammace kura ta ci ƙafarsa da ya je ya ce wa Isaka ta cinye amanar da aka ba shi.

Bindigar tsohuwa ce ta soja, irin wadda ya riƙa zamanin yana sojan Faransa. Da ya dawo gida ya samo ta, da farmi, wato takardar izini, daga ofishin kumandan, ya naɗe ta cikin fata ya rataye, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa. Haka dai yake zato.

Yana kwance fatar wari ya buge shi. Ya ja kilas, ƙarfen da ke tura harsashi, ko motsi bai yi ba. Ya shinshina yatsunsa.

"Jaratu! Mi kin ka sa ma bindigag ga?"

"Man shanu ne, Malam. Kowace damana sai na shahe ta, kar ta yi tsatsa."

"Man shanu! Ƙwarya ce? Ko an ce miki kanki ne da za a yi wa kitso?"

Baiwar Allah, ita da a ganinta gata ta yi, har da man da ta hana bakinta. Man ya sha rairayi ya daskare kamar ƙaro. Sambo ya yi ta faɗa har maƙogwaronsa ya bushe, sannan ya ce ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta kawo kananzirin fitila da tsohon rawani.

Ya zauna ya miƙe ƙafa. Ya jiƙa kilas da kananzir, ya yi ta lallaba shi da dunƙulen hannu har ya saki. Ya warware shi, ya zare allurar da ke dukan harsashi, ya jera komai daga dama zuwa hagu yadda sarjan ya koya musu. A bariki ɗaure musu ido ake yi su tarwatsa bindiga su haɗa, wanda ya yi kuskure ya sha gwale-gwale cikin rana. Yau ma ko duban tabarmar bai yi ba, yatsunsa kaɗai ke aiki. Jaratu ta lura. Ta daɗe da ganin sai mutum ya yi magana yake gane shi.

Ya kankare dattin da tsinken kara. Ya ɗaura tsumma a zare, ya zura ta cikin bututun ya ja, tsumman ya fito baƙi ƙirin. Ya sake, ya kuma sakewa. Azahar ta yi, ya yi salla ya dawo. Fura ta tsinke a ƙwarya bai waiwaye ta ba.

"Tsumman ya yi hwari?" ya tambaya.

"Saura kaɗan."

"To, ba mu gama ba."

Sai wajen la'asar ya mai da komai mazauninsa. Ya ja kilas, ya tafi sumul, ya danna kunama, ta ce ƙas! Wani daɗi ya kama shi har ya yi dariya shi kaɗai. Ya sa harsashi guda, don dole a ji ko tana tashi kafin a tare kura da ita.

"Ɗauki hwasasshiyar ƙwarya ki aza bisa kututturen can, ki kauce."

Ya durƙusa, ya ɗora bindiga a kafaɗa, ya jira. Ya runtse ido ɗaya, ya buɗe, ya goge shi da hannun riga. Gabansa fari fat, ba kututture, ba komai.

"Ke, mi kike jira? Aza mana!"

"Na aza tun ɗazu, Malam," in ji Jaratu a hankali. "Ba can take ba. Garken awaki kake nunawa."

Ya sauke bindigar. Soja guda, da ya taɓa harbo zabuwa tana gudu! A bayan gida karsana ta yi kuka, rana kuma tana gangarawa bayan duwatsu.

Ya share fuskarsa da tafin hannu.

"Taho nan. Durƙusa inda nike."

"Ni? Malam, mutane za su..."

"Mutane ba su za su kalli idon Isaka ba. Kama nan. Manna gindinta ga kahwaɗarki sosai, tana shuri kamar jaki." Ya lalubo hannunta, ya ɗora yatsanta a kan kunama. "Kina ganin ƙwaryar?"

"Ina gani."

"To, riƙe numfashi. Ina nan bayanki."