Faifan Sakina

Salisu ya durƙusa a bakin gado riƙe da faifai, irin na kaba mai jan baki da ake rufe ƙwarya da shi.

"Baba, ga shi. Faifan Inna Sakina na. Cikin kayanta na ɗauko."

Tsoho Ibrah ya buɗe ido, ya dubi abin, ya sa bayan hannu ya ture shi. Hannun ba ƙarfi, amma turewar ta fito fili.

"Ba shi na ba," in ji shi.

Ladi tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunu. Ita ce maƙwabciyarsa, katanga ɗaya ta raba su shekara talatin a nan Filinge, kuma tun da matarsa Sakina ta rasu, shekara shida ke nan, ita ke miƙo masa abinci. Allah bai ba Ibrah da Sakina haihuwa ba. Salisu ɗan ƙanensa ne, ya zo daga Bonkuku ranar da likita ya ce a maida tsohon gida, ba sauran abin yi. Kwana biyu ke nan Ibrah ba ya cin komai, ba ya neman komai, sai kalma biyu: faifan Sakina.

Salisu ya fito tsakar gida yana girgiza kai. "Inna Ladi, hankalinshi ya fara tahiya. Uku na kai mishi, duk ya ƙi."

"Hankalinshi na nan daram," in ji Ladi. "Ba na kaba yaka nuhi ba, ɗana. Na kiɗi yaka so."

Ibrah ya yi ƙuruciyarsa a Yamai yana gyaran rediyo. A can ya kamu da son kiɗan baƙaƙen Amirka da ake kira jaz, ya riƙa sayen faifan garmaho wurin Turawa masu komawa gida da 'yan gwanjo. Da ya dawo Filinge, akwatin ƙarfe huɗu ya zo da su. Farkon zuwansa, da Ladi ta jiyo kiɗan, ta ɗauka akuya ce ta maƙale a danga. Da shekaru suka tura, sai ta iya rarrabe mai busa da mai busa tana daka a gidanta.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci abokansa biyu kan zo, su zauna ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida. Magagi tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Nafi'u kuma direba ne da ya ci hanyar Yamai da Filinge har gwiwa ta hana shi. Yau ma suna nan kan tabarma. Da suka ji maganar Ladi, Nafi'u ya buga cinya.

"Wallahi na gane! Na Dogo na, mai ƙaho. Wanda Sakina ta lalata."

Sunayen mawaƙan sun fi ƙarfin bakin Sakina, shi ya sa ta laƙaba musu nata bisa hoton da ke jikin kwali: Dogo, Mai Hula, Mai Zufa. Har mazan ma suka koma kiransu haka.

Labarin lalatawar kuwa duk unguwa an san shi, Salisu ne kawai bai taɓa ji ba. Satin da aka kawo Sakina daga Sanam, ta dama kunu mai zafi, ta duba gidan gwauro ba marfi. Ta tambayi angon ina faifai. Shi yana gyaran wata rediyo, bai ɗaga kai ba, ya ce, "Suna nan ɗaka birjik." Ta shiga ta zaro ɗaya baƙi mai sheƙi, ta ce lallai faifan birni daban ne, ta kifa a kan kunu. Zafi ya lanƙwasa gefensa. Ibrah ya yi kwana biyu ba ya magana. Rana ta uku ya ɗora shi a injin garmaho don ya ji iyakar ɓarnar. Kiɗa ya tafi lafiya, sai a tsakiyar busar Dogo allura ta hau tudun, ta yi tsalle, ta faɗo gaba. Daga madafa Sakina ta ɗaga murya: "Ga ni nan!" Dariya ta ƙwace masa. Tun daga ranar, duk sanda allura ta zo wurin, ko wanki take, ko tana bayan gida, sai ta amsa. Ladi ta ji wannan amsa ta kan katanga ba adadi.

Nafi'u ya zaro wayar salula daga aljihu. "Ai ba sai an sha wuya ba. Ina da shi nan. Sabon bugu, bara aka sake hitar da shi, an wanke shi tas. Ba ƙarar suya, ba tsalle."

"Kai dai ɗan zamani na," in ji Magagi. "Ƙosai da ba a ji ƙarar mai ba, wa ka cin shi? Bugun farko shi na faifai. Sauran duk hoto na."

"Kurma ka maganar bugun farko! Kai da ko Mai Hula ba ka ji sai an kai ka bakin lasifika."

"Mai Hula da yatsa ɗaya ya hi Dogonka da huhu biyu."

Shekara ashirin suna wannan gardama, Ibrah ne mai raba su. Yau ba mai rabawa, sai suka bar ta da kansu.

Salisu ya gyara tsayuwa. "Ku gahurce ni, iyayena. Mutum shina bakin tahiya. Lokacin kalmar shahada na, ba na kiɗi ba. Mi mutane za su ce in sun ji?"

Ladi ta ajiye kwanon kunu a ƙasa. Ba ta yi lakwal ba, ba ta kuma saba ja da maza a gidan wani ba, amma ta yi wa Sakina wankan gawa da hannunta, kuma ta san abin da ta gani a fuskar tsohon.

"Ɗana, liman ya zo da sahe, ya yi karatu. Babanka ya yi shahada, ni da kai mun ji. Zai ƙara yi in sha Allahu. Abu ɗaya ya roƙa cikin kwana biyu. In mutane sun yi magana, ka ce Ladi ta. Ni na ɗauka."

Salisu ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Sau ɗaya. A rage murya."

Nafi'u ya shiga ya riƙe salular kusa da kunnen Ibrah. Kiɗa ya fito sumul. Idon tsohon ya buɗe, yatsansa ya fara motsi a kan zane. Nafi'u ya waiwayo yana murmushi, wato kun gani. Busar Dogo ta hau, ta hau, ta zo daidai wurin, ta wuce salin-alin kamar mota a kan sabon kwalta. Yatsan ya tsaya. Ibrah ya juya fuskarsa ga bango.

"Ai shi na," in ji Nafi'u a tsakar gida. "Wallahi shi na, ko ɗigo ba a canza ba."

"Kiɗan shi na," in ji Ladi. "Ita ce ba ta zo ba. A buɗe akwatunan."

Suka jawo su inuwa. Magagi ya sa tabarau yana karanta kwali ɗaya bayan ɗaya, Ladi tana duba hotuna. A akwati na uku ta ga Dogo ya sunkuya a kan ƙahonsa. Magagi ya karɓa, ya zura hannu. Kwalin fanko ne.

"Ya ɓace," in ji shi. "Shekara shida bai sa shi ba. Wataƙila ya yar."

"Ibrah ba ya yar da ko ƙusa."

Suka zazzage sauran kwalaye ko ya shiga na wani. Rana ta take, zafin bazara ya sauko har tabarma na ƙona ƙafa. Magagi sai faɗa yake a mayar da faya-fayan inuwa kada su narke. Daga ɗaki ana jin numfashin tsohon yana ja. Nafi'u ya zauna ya ce shi ya gaji, abin da babu babu ne.

Ladi ba ta zauna ba. Ta tsaya tana tunanin mutumin da ta sani. Ranar da aka yi addu'ar arba'in ɗin Sakina, ta gan shi ya shiga madafa shi kaɗai, ya daɗe, ya fito ya ja ƙyauren. Tun daga nan ba a sake hura wuta a ciki ba.

"Salisu, waɗanda ka kai mishi, ina ka ɗauko su?"

"Madafa. Suna jere bisa babbar ƙwarya. Na sama na ɗiba."

Ta shiga. Yanar gizo ta kama mata fuska. Ƙoren Sakina suna nan a kife, faya-fayan kaba a tsibe a kan babbar. Ta ɗaga na farko, na biyu, na uku. A ƙarƙashin na biyar ta ji sanyin wani abu mai santsi, naɗe cikin tsohon kallabi. Ta shafa gefensa da yatsa, ta ji tudun.

Ta fito da shi a ƙirji. Salisu ya buɗe baki. "Ashe cikin kayanta shike."

"Ai ka yi kusa, ɗana. Hannunka na bai kai ƙasa ba."

Aka kai injin bakin gado. An yi sa'a akwai wuta, fitilarsa ta kama, amma farantin ya ƙi juyawa. Magagi ya ɗaga shi, sai ga robar da ke juya shi ta narke ta zama kamar ƙaro.

"Sai Yamai," in ji Nafi'u. "In ma akwai."

Ladi ta dubi robar, ta gwada tsawonta da tafin hannu, ta fita. Gugan rijiyarta na robar cikin taya ne. Ta sa reza ta yanko siririn zare daga bakinsa, ta ɗinke kan biyu da allura da zaren kitso. Na farko ya yi sako-sako. Ta rage, ta sake ɗinkewa. Na biyu ya kama.

Farantin ya juya. Magagi ya goge faifan da gefen rigarsa, ya sauke allura a kai. Ƙarar suya ta cika ɗakin, sannan ganga, sannan Dogo.

"Ya yi nauyi kaɗan," Nafi'u ya raɗa. "Robar ba ta..."

"Yi mana shiru," in ji Magagi.

Ibrah ya juyo daga bango. Yatsansa ya kama motsi. Ladi tana bakin ƙofa, tana kallon tudun yana zagayowa, allura na matsowa kusa da shi. Ta san wurin kamar yadda ta san dokin ƙofarta. Amsar Sakina ta zo mata har baki, ta danne. Ba tata ba ce.

Allura ta hau, ta yi tsalle, ta faɗo.

Tsohon ya karkata kai wajen madafa, kamar mai saurare. Gefen bakinsa ya ɗaga.

"Na ji ki," in ji shi.

Da kiɗan ya ƙare ya nemi ruwa, ya sha cokali uku na kunu. Washegari bayan azahar, Salisu na riƙe da hannunsa yana laƙƙana masa shahada, ya bi shi har ƙarshe, ya cika. Kafin la'asar ta yi sanyi an kai shi.

Bayan addu'ar bakwai Salisu ya ce abokan su raba akwatunan, shi bai san kansu ba. Suka zauna ƙarƙashin dogon yaro suna rabo suna faɗa, kowa na share ido yana cewa ɗayan bai san kiɗa ba. Da aka zo kan lanƙwasasshen, Magagi ya juya shi a hannu, ya miƙa wa Nafi'u, Nafi'u ya miƙa wa Salisu. Salisu ya zagaya ya yi sallama a ƙofar Ladi.

"Inna, wanga naki na."

Ba ta da inji, ba ta kuma nema ba. Da safe ta dama kunu, ta zuba a kwano biyu kamar kullum, sai da ta kai bakin katanga ta tuna. Ta dawo ta zauna. Ta bar kwanon ya huce sarai, sannan ta ɗauko faifan ta kifa a kai. Bai zauna daidai ba. Gefen da ya lanƙwashe ya bar 'yar kafa, iska na taɓa shi yana ɗan rangaji a bakin kwanon.