Fatar da Ta Hana Fitila Kamawa

Ranar da aka yi shela a unguwar Coal Camp cewa jirgin ƙasa zai kwashe 'yan Arewa daga Inugu gobe da la'asar, kowa ya shiga ɗaure kaya, amma Mijinyawa baduku yana tsugune gaban babur ɗinsa. Ƙarshen daminar 1966 ce, gari ya rikice. 'Yarsa Sa'a tana can Onitsha wajen gwaggonta a unguwar Head Bridge, tafiyar mil sittin da wani abu. In yana so ya ɗauko ta su riski jirgin, dole ya tashi tun da duhun asuba saboda shingayen hanya. Fitilar babur kuwa ta ƙi kamawa.

Sabuwa ce fil. Ta asalin ta fashe, ya sayo wannan a kasuwar Ogbete, ba ta kamfanin babur ɗin ba, ya ɗaura da kansa. Da yake ba ya tafiyar dare, sai yau ya gwada ta. Ya sake ƙwai har sau biyu, ya kankare bakin waya da wuƙar aikinsa, shiru.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, in ya karya kan babur hagu, sai ta haska. Ya miƙe kan, ta mutu. Ya karya dama, ko ƙyas.

"Malam, ko sammu aka yi mata?" in ji matarsa Kubura daga bakin ƙofa.

"Wane irin sammu ne ya san hagu da dama?"

Ya tura babur zuwa rumfar Udeh bakanike, maƙwabcinsu Inyamuri wanda ya yi shekara tara a Kafanchan, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Kwana uku ke nan ba su gaisa a fili ba, kowa na tsoron idon mutane. Udeh ya duba titi, ya ja babur ɗin ciki, ya saki buhun da ke rufe ƙofa.

"Baduku, ka koma bakanike ne? Gobe ni ma zan fara ɗinka takalmi."

"Oga Udeh, bar wasa. Sa'a na Onitsha."

Udeh ya daina dariya. Ya tayar da inji, ya karya kan hagu, haske ya bugi bango. Ya miƙe shi, duhu. Ya maimaita a hankali, ya sa fuska dab da fitilar kamar mai sauraron magana. Mijinyawa ma ya matso, damuwarsa ta ɗan koma son sani.

"Ka gani? Wayar kulocin nan, in an karya hagu tana taɓa bayan fitila. Da ta taɓa sai wuta ta zo." Udeh ya bi ƙafar fitilar da yatsa, ya tsaya. "Wannan fa, mene ne?"

Jar fata ce ta akuya, an zagaye ƙafafun fitilar da ita, an yi mata ɗinkin zare kore, har ƙarƙashin noti an sa 'yan faifai na fata. Mijinyawa ya ce ai fitilar ba ta zauna daidai ba, tana kaɗawa, shi ya sa ya yi mata shimfiɗa. Kuma baduku ba ya barin ƙarfe tsirara. Ko wuƙa sai an yi mata kube.

Udeh ya riƙe baki. "Chineke! Ta kamfani waya biyu gare ta, ɗaya ta kawo wuta, ɗaya ta mayar. Wannan ta kasuwa waya ɗaya ce. Wutar ta jikin ƙarfen babur take komawa. Kai kuma ka sa mata riga da wando, ta ina za ta wuce?"

"Wuta har komawa take yi?"

"Kamar kai. Ka je Onitsha, ai sai ka dawo."

Mijinyawa ya zaro wuƙa ya farke ɗinkin da ya ɓata yini guda yana yi. Udeh ya goge wajen da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure noti tam. Aka tayar. Hagu, dama, tsakiya, fitila na ci.

"In sun tare ka a shinge, ce musu babur ɗin Udeh na Coal Camp ne, ni na aike ka," in ji bakaniken. Ya tsinci jar fatar daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya sa a aljihu. "Wannan kuma tawa ce."

Da duhun asuba Mijinyawa ya hau hanya, hasken na tafe gabansa bai ko ƙifta ba. Sau huɗu aka tare shi, sau huɗu ya ambaci sunan Udeh.

Ana kiran la'asar Kubura ta hango su daga tagar jirgi suna kutsawa cikin taro, Sa'a riƙe da gefen rigar ubanta, ƙafafunta duk jar laka. Babur ɗin kuwa, Mijinyawa ya bar shi jingine a bakin tasha, ya aika wa Udeh da makullin.