Rassa Arba'in da Aka Kawar Daga Tafki

Ƙungiyar masu zamiya a kan dusar ƙanƙara ta ƙauyen Skarbu ta karɓe aikin kafa alamun hanya daga hannun Eilif Brenna ranar Talata, bayan shekara ashirin da biyu yana yi. Ba a ce ya yi laifi ba. Shugaban ƙungiyar, Halvard Moen, ya ce kawai za a gwada sabon hannu.

Abin da ya jawo haka ya faru ne ranar Asabar, saura kwana takwas bikin Ista. Wasu mata da miji daga Oslo sun bi rassan bishiyar da ake sokawa cikin dusar ƙanƙara don nuna hanyar bukkar kan dutse. Maimakon rassan su ratsa da su ta kan daskararren tafki kamar kowace shekara, sai suka karkata suka zagaya ta bayan tudu. Tafiyar awa biyu ta koma biyar, iska kuma ta taso. Sanyi ya ƙone wa matar yatsu biyu, har yanzu tana asibiti.

Washegari Eilif ya hau ya ƙirga. Rassa arba'in aka cire daga kan tafkin aka sake kafawa a tudu. Wanda ya yi ba wasa yake ba. Tsakanin reshe da reshe taku ashirin da biyar ne cif, kowanne ya jingina yamma inda iska ke fitowa, kuma duk reshe na goma, guda biyu ne a rami ɗaya. Haka Eilif ke kafa nasa, kowa a Skarbu ya sani. Abin da mutane suka manta shi ne, mahaifinsa ya koya masa, kuma ba shi kaɗai ya koya wa ba.

Yayarsa Oddny, mai shekara sittin da shida, tana zaune ita kaɗai a ƙarshen kwari. Ta yi shekara talatin ba ta bi hanya mai alama ba. Faffaɗan katakan zamiya take ɗaurawa ta nufi inda babu sawun kowa, tana cewa masu bin reshe tumaki ne da suka iya sa hula. Sau uku tana gaya masa cewa ƙanƙarar bakin rafin da ke zuba cikin tafkin ba abin yarda ba ce. Sau uku yana hudawa yana aunawa, yana nuna mata kaurin.

Da hantsin Litinin ya je gidanta. Kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tsaya ya duba katakanta a jikin bango, ya shafa, ya ji a bushe. Sawun da ya gani kusa da rassan kuwa siriri ne, na katakan bin hanya, irin waɗanda Oddny ba ta taɓa mallaka ba.

Ta zuba masa kofi, ta yanka masa burodi da cuku, ba ta tambayi abin da ya kawo shi ba. Sai shi ya tambaye ta inda take ranar Juma'a, kwana ɗaya kafin baƙin su bi hanyar. Ta ce a dutse, kamar kullum, kuma dutse ba ya ba da shaida.

"Yaya, ke kika taɓa mini rassa?"

"Auta, ni da ban ɗauki tsinkayenka a bakin komai ba, yau zan ɓata yini guda ina jera su?" Ta tura masa kwanon cukun. "An jera su da kyau?"

Ya ce an jera su da kyau.

"To, ka gode wa Allah ba a ɓata maka suna wajen aiki ba."

Ya lura ba ta ce a'a ba. Ya kuma lura ba ta tambayi lafiyar matar Oslo ba, alhali bai gaya mata labarin ba, ita kuma ba ta sauko ƙauye ba tun Laraba. Ko dai ba ta sani ba, ko kuwa ta riga ta sani.

Da ya koma gida ya shiga rumfar ajiya, wadda bai taɓa kullewa ba. Tsofaffin katakansa sirara suna nan inda ya bar su tun bara. Ya juya su. An shafa musu sabon kakin da ke sa su santsi, shuɗi, shi kuwa kore yake amfani da shi a kansu.

A taron Talata Halvard ya aje reshe biyu a kan tebur, ya ce duk wanda ya ga jerin ya ga hannun Brenna. Ya ce mutum kan yi kuskure in shekaru suka fara nauyi, ba abin kunya ba ne. Sannan ya tambaya, yana kallon Eilif, ko akwai wani a kwarin da ya iya kafa reshe haka.

Eilif ya san amsa ɗaya za ta mayar masa da aikinsa, ta kuma kai 'yan sanda ƙarshen kwari. Ya dubi rassan, ya ce shi dai a kan tafki ya kafa nasa, abin da ya sani ke nan. Mutum bakwai suka ɗaga hannu a karɓe aikin, biyu suka ƙi. Aka ba wani mai suna Sindre Lia aikin.

Ranar Laraba Eilif ya ɗauki mahujin ƙanƙara ya je bakin rafin, ko da yake babu wanda ya aike shi. Ya huda wuri shida a kewayen layinsa na da. Biyar sun nuna kaurin da mota ma za ta iya bi. A na shida mahujin ya faɗa ruwa tun kafin ya gama juyi na huɗu. Ramin yana taku tara daga inda tsohuwar hanyar ta bi, kuma shi kansa ba zai iya cewa ko haka wurin yake ranar Juma'a ba, domin an yi kwana uku ana ɗumi.

Bai kai wa Halvard rahoto ba tukuna, bai kuma koma wurin Oddny ba. Sindre ya ce zai mayar da rassan kan tafki ranar Alhamis, kafin baƙin Ista su iso. Kakin shuɗi kuwa, mai kanti ta ce ta sayar da gwangwani goma sha ɗaya a watan nan, ba ta kuma riƙe sunan kowa ba.