Furen da Aka Ajiye wa Léonie

A gidan waƙarmu na Marseille ba a korar mawaƙi da baki. Ranar rufe kakar waƙa, maigidan, Castagne, fure yake aikowa ɗakin shiri. In wardi ne, ka dawo baɗi. In furen kanumfari ne, tattara komatsanka.

Ni ce mai ɗinke wa mawaƙa riguna, kuma wallahi ban taɓa ganin mai rawar jiki irin Léonie ba. Ita ke buɗe fage, lokacin da mutane ke jan kujeru suna ɓare lemo, ba mai saurare. Amma tana da murya, ja'irar yarinya. Ranar rufewar tun hantsi take safa da marwa, ta zauna, ta miƙe, ta leƙa ƙofa.

Na ce, "Ke, tsaya in soke allurar nan, ko in soke ki."

Ta ce, "Inna Irma, in ya kore ni ina zan sa kaina? Babana ya rantse ba zai ƙara kallon fuskata ba tunda na zaɓi waƙa."

Ta fita gwajin murya, na raka ta. Da muka dawo tare, ga dami a kan teburinta, naɗe cikin jiƙaƙƙiyar jarida. Furen kanumfari, jajaye.

Na riƙo hannunta, ta fizge. Na bi ta har ofis. Ta zazzage wa Castagne cikinta tas: rowarsa, kunnensa da bai san waƙa ba, har gashin aron da yake rufe sanƙonsa da shi. Ya bari ta gama. Sannan ya ɗago wani damin wardi daga gefen kujerarsa.

Ya ce, "Da naki ne wannan." Ya jefa shi kwandon shara.

Muka fito, raina a ɓace.

A ƙofar baya muka tarar da wani dattijo, hula a hannu, ƙasar gona a faratansa. Babanta ne, manomin fure daga garin Ollioules. Ina shi ina sanin al'adar gidan waƙa?

Ya ce, "Sun iso miki? Da asuba na yanko su. Na zo in ji waƙar taki."

Léonie ta dube shi.

Ta ce, "Sun iso, Baba. Sun yi kyau ƙwarai."