Kumfar da Ta Zauna a Jini

Phebe ta diro daga keke napep tun bai gama tsayawa ba, rungume da akwatin ƙanƙara, bakinta ya ƙi rufuwa don murna. Shekara biyu tana neman ɗakin gwajin da zai auna mata jinin tsofaffin 'yan kwana-kwana, sai jiya wani a Legas ya amsa. Sharaɗinsu mutum goma sha biyu, kuma jinin ya bi jirgin da zai tashi ƙarfe huɗu. In ta rasa wannan, digirinta na biyu ya sha ruwa.

Tsofaffin na zaune gindin darbejiya a ƙofar gidan su Phebe a Gomari, ba wanda ya naɗe hannun riga. Jira suke su ga abin da mahaifinta Manasse zai yi, tsohon ogansu. Shi kuwa mutumin da ya sha kutsawa cikin wuta, allura yake tsoro.

"Kumfa ce fa, Phebe," in ji shi. "Kumfar kashe gobara. Shekara goma rabona da ita. Wanka nawa na yi tun lokacin?"

"Baba, ai ba a fata take ba!" Ta durƙusa gabansa, hannuwanta na ta yawo. "Akwai wani furotin a jini, aikinsa dakon kitse. Sinadarin kumfar nan kama yake da kitse, sai ya maƙale masa kamar ƙarangiya a wando. Ƙoda ta yi ta tacewa, ya ƙi fita. Shekaru yake yi yana zaga jiki."

"Wai! Fasinjan da ba ya sauka ke nan," in ji Malam Ba'ana, tsohon direbansu. Aka kwashe da dariya. Ya miƙo hannu. "Zo ki fara da ni, 'yata. Oga ya gani ko zan mutu."

Kunya ta sa Manasse ya biyo baya, ido a rufe, yana kiran sunan Yesu. Nan da nan layi ya haɗu, ana tsokanar juna. Phebe na liƙa lamba a kwalabe tana ji kamar ta taka rawa.

Sai ta ƙirga. Goma sha ɗaya. Ashe Justin, cikon na goma sha biyun, ya tafi Biu jana'iza tun asuba. Ga shi ƙarfe biyu ta gota.

Manasse ya daɗe yana kallon audugar da ke hannunsa.

"Dole sai wanda ya yi aikin?"

"Duk wanda ya daɗe yana taɓa kumfar, Baba."

"Shuɗin duron nan na bayan kicin, na kumfa ne. Da ya ƙare na kawo gida, na ɗauraye shi da omo sau uku." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ruwansa kika sha har kika gama firamare."

Phebe ta zauna a kan bencin kusa da shi, ta ɗauko kwalba ta goma sha biyu, ta rubuta lamba. Ta naɗe hannun rigarta, ta miƙa masa robar ɗaure dantse.

"Ɗaura min da ƙarfi, Baba."