Farantin Baƙo

Wata tara ke nan Jadzia tana yawon ƙasashe da jaka a baya, tana kwana a masaukan da ake cusa mutum goma a ɗaki ɗaya. Da jajibirin Kirsimeti ya riske ta a garin Niš na ƙasar Sabiya, sai ta ƙi cin komai tun safe, tana jiran liyafar dare. A ƙasarsu Poland, kowane gida yakan ajiye faranti ɗaya a wannan rana saboda baƙon da zai faɗo ba zato. Ta ce yau dai ita ce baƙuwar.

Ta sa rigarta ɗaya tilo mai tsabta, ta sauko. Milorad, mai masaukin, yana kallon ƙwallo.

"Baba Milorad, a ina za a ci abincin?"

"Wane abinci?"

"Na Kirsimeti mana!"

Ya kwashe da dariya. "Yarinya, mu Sabiyawa sai bakwai ga Janairu. Kin yi sammako! Yanzu ma azumi muke."

"Azumi? Ga nama a bakinka!"

"Matata ce ke yi mana."

Jadzia ta ja tsaki, ta shige kicin, ta ɗumama ragowar taliyar da wasu matafiya suka bari. Sai ga mahaifiyarta ta kira ta bidiyo. Ga kifi, ga miya, dangi sun kewaye tebur, kujera ɗaya ba kowa.

"Mama, baƙon bai zo ba?"

"Wane baƙo? Farantinki ne. Ai shi baƙo, ko ba komai, yakan ƙwanƙwasa ƙofa."